Ƙarfen Ada Maɗori, Daga Madawa Zuwa Ibohaman

Litinin: Madawa zuwa Buza

Tun ba a kira assalatu ba na ɗaure 'yar jakata, na leƙa ɗakin da tsohuwata take kwance a gidan likitan da nake aiki, nan ƙasar Madawa. Idonta biyu. Na ce mata zan je ƙasar Buza in dawo. Ba ta tambayi abin da zai kai ni ba, ta dai ce in sha fura kafin in hau mota, don ta san halina, in yunwa ta kama ni ba na raga wa kowa.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni, don mai karatu ya san inda aka dosa. A kakar shekara ta biyu bayan babban farin nan na tamanin da huɗu, tsohuwata ta zame a bakin rijiya da tulu a kanta. Ƙashin cinyarta ya karye can sama, a wuyansa, daidai inda kansa yake shiga gurbin kwatangwalo. Irin wannan karayar ba ta ɗoruwa ga tsoho. Mutum ya kwanta ke nan, bayansa ya yi gyambo, ƙirji ya cika, har ta Allah ta kasance. Ni na sani sarai, domin aikina a ɗakin fiɗa yake. Ni ke dafa kayan aiki, in jera su, in miƙa wa likita. A ƙauyenmu likita ake ce mini, ban kuma taɓa musantawa ba.

Allah ya sa a lokacin muna da baƙo, wani Bature likitan ƙashi, ya zo mana na ɗan lokaci. Ya zo da kawunan ƙashi na ƙarfe. Kowanne dunƙule ne mai sheƙi kamar goruba, da doguwar jela da ake turawa cikin ɓargon ƙashin cinya, ya maye gurbin kan da ya karye. An ce masa muna da akwatin kayan dasa su tun zamanin wani tsohon likita, shi ya sa bai ɗauko nasa ba. Muka buɗe akwati. Magagarin da ake share ramin ƙashi yana nan, guduma tana nan, amma gurbi guda fayau. Abin da ya ɓace shi muke kira jagora: ƙarfe ne mai tsawon kamu ɗaya, bakinsa yana kama kafaɗar kan ƙarfen ya riƙe gam, gindinsa faffaɗa inda ake buga guduma, a tsakiyarsa kuma akwai sanda a gicciye. Da wannan sandar likita yake auna inda kan zai fuskanta yayin da ake tura shi. In ya karkace, ko dai ƙafa ta juya gefe, ko kan ya riƙa gocewa daga gurbinsa, ko ƙashin ya tsage gaba ɗaya.

Na roƙi Bature ya yi da ido, ya ƙi. Ya nuna mini hoton ƙashinta a haske, ya ce ya yi siriri ƙwarai, bugu ɗaya a karkace zai fasa shi. Na ji haushinsa a ranar, amma na san da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ranar Asabar kuma zai bar mu. Tsohon mai gadinmu ne ya tuna cewa wancan likitan na da, da zai koma ƙasarsu, ya ba wani abokinsa ƙarfen tsaraba, tunda a lokacin babu kawunan da za a dasa da shi. Abokin kuwa wani maɗori ne, Ada, mutumin Tabotaki.

Na sami bashe, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, a tasha, ta cika maƙil da buhunan gishiri da mata masu komawa gida. Direban ana ce masa Na-Allah, ya karɓi dala ɗari ya ba ni gefen ƙofa. Muka tashi gari na wayewa. A baryar bakin gari, shingen da ake tsai da motoci, jandarma ya duba katin kowa, ya ga nawa na gidan likita ne, sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani ƙurji a gwiwar hannunsa. Na ce ya riƙa gasa shi da ruwan zafi da gishiri. Ya ɗaga mana igiya muka wuce.

Daga nan kwalta ta ƙare, sai jar hanya mai gargada. Kilomita hamsin da 'yan kai ne zuwa Buza, amma sai da rana ta ɗaga sosai muka isa, don Na-Allah ba ya wuce mai ɗaga hannu, ko da akuya ce za a saka. Na yi masa magana sau biyu, ya ce in ina sauri in sauka in riga shi. Kwarin da muka bi ya yi kyau a wannan shekarar. Damman gero jere a gonaki, ga layukan dogon yaro da aka dasa don tare iska sun yi tsawo. Matan da ke bayana suna ta lissafa wanda ya cika rumbu da wanda bai cika ba.

Buza zuwa Tabotaki

A Buza na ci waina da miya a gindin tudu, na shiga cigiyar mota. Aka ce mini Tabotaki sai ranar kasuwa. Ina cikin tsaki wani mai shayi ya nuna mini kamiyo, babbar motar kaya, na wani ɗan kasuwa da zai shiga ƙauyuka sayen wake. Na hau baya, kan buhunan da ba kowa a ciki. Hanyar duk duwatsu ce baƙaƙe, a hau tudu a gangara korama. Sau ɗaya muka kafe a rairayi, muka sauka muka tura, takalmina ɗaya ya tsinke. La'asar sakaliya muka shiga Tabotaki.

Gidan Ada maɗori ba ɓoyayye ba ne, mace ta farko da na tambaya ta nuna mini. Na yi sallama, wani magidanci ya fito, ya ce sunansa Illa, ɗan Ada ne. Muka gaisa, na ce wurin tsoho na zo. Ya ce tsoho ya rasu shekara uku ke nan. Na yi masa ta'aziyya a gurguje, ko abin da ya yi ajalinsa ban tambaya ba, na tsallaka kan maganar ƙarfe.

Illa mutum ne mai sanyin magana. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, aka kawo tuwon gero da miyar guro, sai da na ci sannan ya ba ni amsa. Ya ce ya san ƙarfen, amma ba ya gidan. A gidansu ɗori ba a raba shi kamar gona. Cikin 'ya'ya wanda hannunsa ya karɓa shi ke ɗauka, da addu'o'in da kayan duka. Shi hannunsa bai karɓa ba, noma ya sani. Yayarsa Habsu ce ta gada, tana aure a Ibohaman, ƙasar Keita.

Ya ce zai ba ni raƙuminsa, ya kuma raka ni da kansa har rabin hanya. Sannan ya yi mini hannunka-mai-sanda. "Likita," ya ce, "in ka tahi, ka gaishe ta, ka ci abincinta, ka bari ita ta tambaye ka. Kuma kada ka yi mata zancen saye." Na ce to, amma hankalina yana kan ranar Asabar, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. A zaurensa na kwana.

Talata: Tabotaki zuwa Ibohaman

Ni ɗan kwari ne, jaki na sani. Ban taɓa hawan raƙumi ba sai ranar. Da ya miƙe da ƙafafun baya na rungume sirdi ina salati, matan gidan suna leƙe ta kan danga suna dariya. Illa ya hau nasa ya ja gaba, muka kama hanya da sanyin safiya.

Mun hau fako, tudu shimfiɗaɗɗe ba itace sai 'yan ƙayoyi, tsakuwa ko'ina. Can muka gangara wani kwari, muka iske mata sun fi a ƙirga suna jidar duwatsu a ka, suna jera su layi-layi a gangare don su tare ruwan sama. Suka tsokane ni, wai ɗan birni ya riƙe raƙumi kamar mai riƙon tukunya. Da azahar muka tsaya a wata rijiya, muka yi salla, muka sha fura. Illa ya nuna mini wani tsauni, ya ce in bar shi a hannun dama, raƙumin ya san gidan, gobe wani zai maido masa da shi. Ya juya.

Na isa Ibohaman rana ta yi sanyi, cinyoyina duk sun saluɓe. Gidan Inna Habsu yana gefen gari. Mijinta Alhasan, wani dogo mai rawani, ya tare ni ya durƙusar da raƙumin. Na iske ta a tsakar gida tana aiki. Wani makiyayi ne sa ya take masa hannu, tana zaune gabansa, mace mai kamar shekara hamsin da ɗori, ba ta da jiki amma hannuwanta manya. Ta ja hannun, ta murza, ta jera 'yan sanduna ta ɗaure da tsumma, mutumin yana ta zufa. Na tsaya ina kallo, don ni ma na san aiki in na gan shi.

Da ta gama ɗauri sai ta shiga ɗaki ta fito da wani abu. An ɗinke shi ruf cikin jar fata da kore, irin aikin matan maƙera, da zane-zane da geza tana lilo. Ta yi tofi a kansa, ta shafa shi a kan ɗaurin daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Fatar ta rufe komai, amma siffar ba ta ɓuya ba: ga tsawon, ga faffaɗan gindin, ga sandar a gicciye. Na ce a raina, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Nan bakina ya riga hankalina. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Inna, wannan ai namu ne, na gidan likita!" Ta dube ni. Maimakon in yi shiru sai na ƙara, na ce ƙarfen aiki ne kawai, ba shi da wani asiri, in ta yarda ta faɗi abin da za a ba ta. Wallahi har hannu na sa a aljihu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta goge abin da gefen zanenta, ta mai da shi ɗaki, ta fito ta ce wa mijinta baƙo ya sha hanya, a ba shi ruwa. Shi ke nan. Aka kawo mini tuwo, aka kawo cuku, Alhasan ya ɗora shayi. Duk lokacin da na so in maido zancen sai ya tambaye ni labarin damina a Madawa. Sai a kofi na uku ya ce mini, cikin lalama, a gidan nan ba a taɓa cewa ƙarfen Ada ƙarfe ne kawai ba. Tsohon da kansa ya kai aka ɗinka masa fata don girman abokin da ya ba shi, kuma tun da ya rasu, abin da 'yarsa take taɓawa ke nan in ta tuna shi.

Na kwanta da haushi, rabi nata rabi nawa. Baki shi ke yanka wuya, Illa kuma ya gaya mini.

Laraba: Ibohaman zuwa Keita

Da safe bayan salla ina zaune a ƙofar gida ina tunanin ko in je wurin mai gari, sai ga ta da ƙwaryar kunu. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata tun jiya, na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, yaro ne ni. Ta zauna nesa kaɗan, ta tambayi wane ne ba shi da lafiya, don ta san ba a hawan raƙumi da irin wannan zama saboda ƙarfe.

Na ce mahaifiyata ce. Ta tambayi inda ta karye. Na miƙe ƙafata na nuna mata a jikina: nan sama cikin matsematsi, ƙafar ta gajarta, tafin ya kwanta waje, ba ta iya ɗaga diddige daga tabarma. Na faɗa mata yadda ake cire kan da ya karye a sa na ƙarfe, da aikin da wancan abin yake yi, shi ke riƙe sabon kan ya nuna masa hanya.

Sai ta ce irin karayar da ta kashe babanta ke nan. Daga kan rumbu ya faɗo. Ita ta ɗaure shi da hannunta, shi da ita duk sun san ba ta ɗoruwa, don shi ya koya mata haka. Damina guda ya yi kwance. Safe da yamma tana shafa masa ƙarfen, in ta gama ta rataye shi a bango saitin kansa.

"Ashe abin shina rataye bisa kanshi," ta ce, "mu ba mu sani ba."

Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na gaya mata gaskiya, ƙarfen shi kaɗai ba zai tashe shi ba, sai da kan ƙarfe da likitan da ya iya, kuma a wancan lokacin babu ko ɗaya a ƙasar nan. Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin mayafi. Ta ce ba za ta sayar ba, ba kuma za ta ba ni aro ba, domin a gidansu kayan ɗori ba sa kwana inda mai su ba ya nan. Sai ta ce saboda haka in jira ta ɗaura zane, tare za mu tafi.

Alhasan bai hana ba. Ya ce dai in maido masa da ita da ƙafafunta biyu, don ya ji labarin mu mutanen ɗakin fiɗa ba ma ganin mutum mu ƙyale. Muka sami amalanken shanu mai kai dawa Keita. Tafiyar ba ta kai kilomita ashirin ba, amma shanu ba su san Asabar ba, sai bayan azahar muka ga tabkin Keita yana walƙiya. Motar Buza ta riga ta tashi. Muka sauka gidan wata ƙanwar Alhasan kusa da kasuwa, aka soya mana kifin tabki.

Akwai maganar da na ɓoye tun safe, tana ci na. Da yamma muna zaune na daure na faɗa mata: ba a shiga da fata ɗakin fiɗa. Dole a cire ta duka, a wanke ƙarfen, a dafa shi a tukunyar tururi. Ta dubi ƙunshin da ke kan cinyarta, ta ce in bari ta ji da gajiya tukuna.

Alhamis: Keita, Allakay, Buza, Madawa

Mun sami kamiyo da sassafe. Direban ya ga tsohuwa ya ba ta gaba, ni na hau kan kaya. Sai da muka yi nisa na ji ashe ba kai tsaye zai bi ba, zai ratsa ta Allakay ya ɗauki buhuna. Na buga rufin mota na yi ta faɗa, ya leƙo ya ce motarsa ce ko tawa. A Allakay muka yi zaman jiran mai buhuna ya dawo daga gona. Ina ta kai da kawowa, Inna Habsu kuwa ta sami inuwa ta zauna, kafin ka ce me mata sun gane ta, an kawo mata wata mai targaɗe. Ta murza mata ƙafa, amma na lura ba ta kwance ƙunshin ba.

A baryar Buza wani jandarma ya ce a buɗe ƙunshin. Ta buɗe. Ya ga fata da geza, ya ja da baya ya ce Allah ya ba da sa'a, a rufe. A tashar Buza kuwa wa zan gani in ba Na-Allah ba. Ya ce ashe mai sauri bai riga shi komawa ba. Wannan karon ban ce masa komai ba, ya tsaya ya ɗauki duk wanda ya ga dama. Muka shiga Madawa ana kiran magariba, har yanzu ban san abin da ta yanke ba.

Da muka isa gidan likita ta ce kafin komai a kai ta wurin mai ciwo. Suka gaisa da tsohuwata kamar sun san juna, aka tambayi gida, aka tambayi gero. Ta yaye zanen, ta ɗora tafinta a kan kwatangwalon, ta dubi yadda ƙafar ta kwanta waje. Ta sa hannu a bayan tsohuwa, ta ji inda fatar ta fara yin ja. Ta rufe ta, ta fito baranda, ta ce in kawo mata reza.

Ba ta yanka fatar ba. Ɗinkin ta bi, zare bayan zare, tana warwarewa a hankali, har fatar ta buɗe ta zare ƙarfen. Man shanun da ake shafa wa fatar ya hana shi tsatsa, fari tas kamar ranar da aka ƙera shi. Ta juya shi a hannunta, ta ce rabonta da ganin tsiraicinsa tun tana budurwa. Na ce saura dafawa. Ta ce in dafa, babanta ma da ruwan zafi yake gasa karaya.

Na kai wa Bature. Ya ɗauko kan ƙarfe ɗaya ya kafa bakin jagoran a kafaɗarsa, ya murɗa, muka ji ya kama ƙas. Ya ce gobe da safe.

Juma'a, da komawa gida

Ba a so ɗa ya tsaya a kan aikin uwarsa, amma babu wanda ya san akwatin kamar ni, sai aka rufe ta da zannuwa, aka ce in dubi tire kada in dubi fuska. Na ga an cire kan da ya karye, an share ramin ƙashin da magagari. Likita ya ce jagora, na miƙa masa. Mataimakinsa ya lanƙwasa gwiwarta ya tsai da ƙwauri. Likita ya rufe ido ɗaya, ya daidaita sandar gicciyen da ƙwaurin, ya ɗan karkata ta gaba, ya fara bugu da guduma sannu-sannu. Kowane bugu a ƙirjina nake jin sa. Da jelar ta zauna ya kwance jagoran, aka ja ƙafar, kan ya faɗa gurbinsa. Ya lanƙwasa, ya miƙe, ya juya ciki da waje, bai goce ba.

Da aka fito da ita Inna Habsu tana baranda, a nan ta kwana don ƙarfenta yana ciki. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗaga zanen daga ƙasa, ta ga manyan yatsun ƙafa biyu suna kallon rufi, tsawon ƙafafun ɗaya. Ta ce alhamdu lillahi, ta koma ta zauna.

Bature ya tafi Asabar, ya bar mana sauran kawunan, likitanmu kuma ya ga yadda ake yi. Na wanke jagoran na kai mata, don nata ne. A raina ina ta neman yadda zan roƙe ta ta bar shi, amma na koyi darasi, na yi shiru. Ta ce ba ta tafiya sai ta ga mai ciwo a tsaye. Bayan 'yan kwanaki aka tsai da tsohuwata, mutum biyu suna riƙe da ita, ta taka daga gado zuwa ƙofa tana zagin mu wai muna jan ta kamar tunkiya.

Ranar da Inna Habsu za ta koma ta kira ni, ta ce in kai ta ta ga akwatin. Na buɗe mata. Ta dubi gurbin da yake fayau, ta sa ƙarfen da hannunta, ya zauna daidai.

"Nan ne ɗakinshi," ta ce. "Abin da Baba ya bar mini hannu ne da wagga hwata, su zan tahi da su. In an kawo mai irin karayarshi, kada a bari ya yi damina kwance."

Na raka ta tasha, na damƙa ta hannun Na-Allah, na roƙe shi ya sa ta motar Keita da kansa. Ta naɗe fatar wayam a cikin ƙunshinta. Sai da na dawo na ga abin da ta yi: ta tsinke geza ɗaya ja, ta ɗaure a wuyan sandar da aka yanko wa tsohuwata.

Da wata ya kusa cika aka sallame mu. Na ɗauki amalanke zuwa ƙauyenmu, muka isa da hantsi, mata suna sussuka. Ƙannena suka taso za su ɗauke ta cak, ta daka musu tsawa, ta ce da ƙafarta ta fita gidan nan, da ita za ta shiga. Ta dafa sanda, gezar tana lilo, ta ratsa zaure a hankali har ƙofar ɗakinta, ta tsaya ta tambayi wanda ya bar mata turmi a rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Illa da raƙuminsa, da Alhasan da shayinsa, har da Na-Allah. Ada maɗori kuwa ban taɓa ganinsa ba, amma tsohuwata ta ƙara shekara tara tana zuwa rijiya, kuma ba ta taɓa idar da salla ba ta sa shi a addu'a ba. Allah ya jiƙansa.